Ranar da Mahaifiyar Ailén Ta Sauka a Retiro

Tun da Zulema ta rasu, shekara uku ke nan, Nélida Barreiro ta daina zuwa kowane irin taro. Shekararta saba'in da huɗu, tsohuwar malamar firamare ce, tana zaune ita kaɗai a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Almagro ta birnin Buenos Aires, gidan da suka kama haya ita da Zulema tun suna da sauran ƙuruciya. Da safe ta sauka ta sayo burodi, ta ba shuke-shuken baranda ruwa, ta ɗora buta ta haɗa mate, shayin ganyen da ake sha a ƙoƙo ɗaya ana miƙa wa juna. Har yanzu in ta cika ƙoƙon takan miƙa shi ɓangaren hagu, sai hannun ya yi nisa sannan ta tuna babu mai karɓa.

Mutum ɗaya ne bai gaji da ita ba, Ovidio, tsohon mai gyaran gashi da suka san juna tun zamanin soja. Ya girme ta da shekara huɗu, yana dogara sanda, amma bai taɓa fita ba tare da gyale mai launi a wuya ba. Wata Talata a watan Satumba ya hawo benen yana haki, ya buga ƙofar da kan sandarsa.

"Ke tsohuwa, mutuwa kika yi ba a gaya mini ba?"

"Da na mutu ai kai za ka fara ji, sarkin gulma. Shigo kafin ka faɗi a ƙofar mutane."

Ya zauna, ya karɓi mate, ya yamutsa fuska ya ce ruwan ya yi zafi kamar kullum. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Akwai wasu yara, irinsu, maza masu son maza da mata masu son mata da waɗanda suka bar jinsin da aka haife su da shi, sun buɗe wata cibiya a unguwar San Telmo. Suna tattara hotuna da labaran mutanen da, kuma suna so a zo a yi musu hira ranar Asabar.

"Na ce musu a rukuninmu saura mu biyu masu numfashi, ɗayar kuma ta zama 'yar kulle."

"Ka je kai kaɗai. Bakinka ya ishi mutum goma."

"Ni ƙarya zan yi musu, kin san hali. Sai da ke a gefe kina gyara mini. Haba Nélida. Da Zulema na nan da tuni ta sa miki takalmi ta tura ki."

Wannan maganar ce ta ba ta haushi, ita ce kuma ta fitar da ita.

Cibiyar tsohon garejin gyaran motoci ce da aka shafe da fenti, har yanzu ana jin ɗan warin baƙin mai daga ƙasa. Yara kusan talatin ne zaune, wasu a kujeru wasu a daɓe, gashi kore, gashi shuɗi, 'yan kunne har a hanci. Wata a bakin ƙofa ta tambaye ta cikin ladabi yadda take so a kira ta, Nélida ta ce, "Da sunana mana." Ta ji kanta kamar wadda ta ɓata hanya ta faɗa bikin da ba a gayyace ta ba.

Sai ta ga hoton. Yana jikin bango, an faɗaɗa shi, baƙi da fari. Tattakin farko ne da irinsu suka yi don neman haƙƙinsu, cikin sanyin Yulin 1992, mutane 'yan tsiraru a tsakiyar titi da kwalaye a hannu. Ga Zulema nan a layi na biyu, fuska a buɗe, baki a buɗe tana ihu, gashin nan nata da ba ya jin mataji ya tashi sama. Kusa da ita wata mace ce cikin doguwar kwat mai ruwan toka, ta rufe fuskarta da farin kwali mai huda biyu ta wajen ido. Nélida ta san kwat ɗin. Maɓallinta na uku ba irin sauran ba ne, ita ta ɗinka shi da hannunta.

Ovidio ne ya fara magana, kuma nan da nan ya mallake ɗakin. Ya ba su labarin yadda 'yan sanda ke kwashe su daga gidan rawa a cika mota, a kai su caji ofis a ce sun ɓata tarbiyyar jama'a. Ya ce sau goma sha ɗaya aka kulle shi.

"Sau bakwai," in ji Nélida.

"To, bakwai. Amma na bakwai ɗin ya kai biyar don tsawo." Yaran suka fashe da dariya. Ya ce akwai wani babban ɗan sanda da ya mare shi ranar Juma'a, ranar Litinin matarsa ta zo shago gyaran gashi, ya yi mata kitson da sai da mijin ya kwana uku bai gane ta ba.

Da aka zo kan Nélida, ba ta iya ba da labari irin haka ba. Ta faɗi shekaru, ta faɗi sunayen tituna, kamar tana koyar da tarihi a aji huɗu. Ta nuna hoton ta ce wannan Zulema ce, ma'aikaciyar jinya, matarta, wannan mai kwalin kuma ita ce. Wata yarinya a can baya ta ɗaga hannu. Siririya ce, baƙin gashi an yanke shi gajere, maganarta da jan harshen mutanen arewa.

"Ni Ailén. Ki yi haƙuri, Doña Nélida, amma me ya sa kika rufe fuska? In kunya kuke ji, me ya fito da ku titi?"

Ovidio ya buɗe baki, Nélida ta dafa gwiwarsa.

"Ba kunya ba ce, yarinya, tsoro ne. Ina da yara talatin da biyu a aji. Da shugabar makaranta ta ga fuskata a talabijin, da ban sake taka ƙofar ajin nan ba, kuma babu kotun da za ta saurare ni. Zulema ta ce in ba zan cire ba in zauna a gida. Na ce ba zan cire ba, ba kuma zan zauna ba. Kwana huɗu ta yi ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ajiye mini abinci ta juya." Ta sake duban hoton. "Cikin kwalin nan numfashina nake ji, gumi na zuba duk da sanyin. Ƙafafuna na rawa tun daga dandalin Mayo har majalisa. Amma da ƙafafun nawa na yi tafiyar. Sai a shekara ta biyar na iya cirewa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Nélida ta koma gida tana jin ta yi abin da aka sa ta, ta kuma gama.

Bayan kwana goma aka danna ƙararrawar gidan da yamma, rana ba ta faɗi ba. Ailén ce, da rigar aikin shagon wanki da guga inda take aiki da safe, kafin ta tafi makarantar koyon aikin lantarki. Wurin Ovidio ta samo adireshin. Ta tsaya a ƙofa tana murɗa igiyar jakarta.

"Na zo ba ki haƙuri ne. Na yi miki rashin kunya ranar nan."

"Na koyar da 'yan shekara tara shekara talatin da biyar, rashin kunyarki ƙarama ce. Shigo."

A kicin ta fashe da maganar. 'Yar wani ƙaramin gari ce a jihar Chaco, shekararta goma sha tara, bara ta zo birni. Tana da budurwa, Brisa, watansu bakwai tare. A nan kowa ya sani, a gida babu wanda ya sani. Duk Lahadi in mahaifiyarta ta kira ta tambaye ta ko ta yi saurayi, sai ta ce karatu ya yi yawa.

"Ni ma kwalin nake sanye da shi, shi ya sa na tambaye ki. Haushin kaina nake ji, na sauke a kanki. Da na koma ɗaki ranar nan na kira Mama na gaya mata."

"Ta ce me?"

"Ta kashe wayar. Kwana tara ba ta ɗauka ba. Jiya ta turo saƙo, wai tana zuwa ranar Asabar, motarta za ta shiga tashar Retiro ƙarfe takwas da rabi na safe. Ba ta taɓa zuwa Buenos Aires ba fa. Na san tafiya da ni ta zo yi." Ta ɗago ido. "Ki raka ni. 'Yan cibiya duk sun ce za su zo, amma in ta ga masu koren gashi goma a tasha shi ke nan. Ke kuwa..."

"Ni kuwa tsohuwa ce mai kama da masu zuwa coci da asuba."

Ailén ta yi dariya da hawaye a ido. Nélida ba ta yi ba. Ta ce ita me za ta gaya wa uwar wani? Tata uwar ta rasu ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinta ba, har ta koma ga Allah "ƙawarki nas ɗin nan" take kiran Zulema. Ta ce ba ta iya lallashi ba, Zulema ce mai wannan baiwar. Yarinyar ta ce to, ta miƙe ta rataya jaka. Sai da ta kai ƙofa Nélida ta ji bakinta na cewa, "Ƙarfe takwas ki same ni a ƙofar tashar. Kuma ki sa riga mai hannu, akwai iska."

Motar ta makara da minti arba'in. Matar da ta sauko gajera ce, kakkaura, da suwaita mai ruwan ƙasa da jaka biyu, carbin coci a nannaɗe a wuyan hannu. Eulogia sunanta, ita ke dafa wa yara abinci a makarantar garinsu. Ta rungume 'yarta da ƙarfi, sannan ta ture ta baya ta ƙare mata kallo.

"Ina gashinki? Dubi yadda kika rame. Wace ce wannan?"

"Doña Nélida ce, Mama. Malama ce."

"Sannu da hanya, baiwar Allah," in ji Nélida. "Awa goma sha biyar a mota ba wasa ba ne. Gidana ba nisa, ki zo ki wanke fuska ki sha abu mai zafi. Maganar da za ku yi ba ta tasha ba ce."

Eulogia ta ce ba zama ta zo yi ba, ta yanki tikiti biyu na motar ƙarfe shida na yamma. Amma ƙafafunta sun kumbura, hayaniyar tashar kuma ta ruɗa ta, ta bi su.

A kicin ta buɗe jaka ta fito da chipa, ƙananan burodin rogo da cuku da ta gasa da kanta, da kwalbar zuma, ta jera a tebur, don ba ta iya shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Nélida ta haɗa mate ta miƙa mata. Ta sha, ta mayar, idonta na yawo a bango. Ya tsaya kan wani hoto kusa da firiji: mata biyu masu furfura, ɗaya da furanni a hannu, ana watsa musu shinkafa a bakin wani ofis.

"'Yar'uwarki ce?"

"Matata ce. Ranar ɗaurin aurenmu ke nan, a 2010, da doka ta ba da dama. Kafin nan mun yi shekara talatin da ɗaya tare."

Eulogia ta janye hannunta daga tebur. Ta juya ga 'yarta.

"Wato nan kika kawo ni. Ku ne ke koya musu."

"Mama!"

"Bar ta," in ji Nélida. "Ailén, sauka ki sayo mini tumatir da niƙaƙƙen nama, rabin kilo. Kada ki yi sauri."

Da ƙofa ta rufe, suka zauna su biyu, buta na huci a kan wuta. Nélida ta ce sati biyu ke nan da ta san yarinyar, ba ta koya mata komai ba, ita ma babu wanda ya koya mata. Shekararta talatin, mahaifinta na kwance a asibiti, wata nas mai faɗa ta kore ta daga ɗaki don ta kawo masa sigari a ɓoye. Washegari ta koma ba da haƙuri. Nas ɗin ita ce Zulema, daga nan ne suka fara.

"Fadan cocinmu ya ce zunubi ne," in ji Eulogia.

"Ban iya gardamar addini ba, ba kuma zan yi da ke ba."

Eulogia ta daɗe tana juya carbin. Da ta sake magana muryarta ta sauka. Ta ce a garinsu akwai wani tela, Don Fermín, kowa ya san yadda yake. Mata na kai masa ɗinki, amma babu mai gayyatarsa suna ko biki. Yara na jifan rufin gidansa, ita ma ta jefa tana ƙarama. Da ya mutu sai da ya kwana uku kafin a lura. Mutum huɗu ne suka raka gawarsa.

"Ni ba na son a tsinci 'yata haka. Wa zai riƙe ta in ta tsufa? Ba miji, ba 'ya'ya. A birnin nan in aka tare ta a hanya aka yi mata duka, wa zai gaya mini?" Ta share ido da bayan hannu. "Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana."

Nélida ta shafa teburin. Tsohon katako ne, gefensa ya ƙone inda aka taɓa dire tukunya mai zafi.

"Ba zan ce miki babu mugaye ba, akwai su. Amma bari in gaya miki abin da teburin nan ya gani."

Ta ba ta labarin shekarun da cutar ƙanjamau ta shigo, lokacin da babu magani, ana tsoron taɓa kofin mai ita. Samarin da suke tare da su suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da yawa 'yan jihohi ne kamar Ailén, iyaye sun ce kada su dawo. Zulema kan tashi daga aiki ta bi ɗakunansu da allura da zanin gado, Nélida ta dafa miyar kaza a babbar tukunya ta zuba a kwalabe, Ovidio ya bi su yana yi musu aski yana ba su dariya. Duk Alhamis masu sauran ƙarfi su taru a nan, mutum goma sha biyu a teburin mutum shida, a raba wa zai kwana da wa, a rubuta takardun koke, a yi faɗa, a shirya, a ci taliya. Uku a ɗakin can na baya suka cika.

"Mun binne tara da hannunmu. Babu wanda ya kwana uku ba a sani ba. Babu wanda ya tafi ba hannu a cikin nasa." Ta kalli taga. "Abin mamaki, ban taɓa yin dariya irin ta shekarun nan ba. Akwai wani Lisandro, ɗan jihar Corrientes, yana rawa da ƙarfen ƙarin ruwa kamar ya samu abokin rawa. Shekararsa ashirin da huɗu. Bayan wata biyu da binne shi mahaifiyarsa ta zo. Nan ta zauna, inda kike. Ta tambaye ni me yake son ci, wace waƙa yake so, ko ya ambace ta. Na gaya mata duk abin da na sani. Ta roƙi rigarsa ɗaya, na ba ta."

Nélida ta juyo ta dubi Eulogia.

"Ke kin zo taki na da rai, ta je sayen tumatir. Duk abin da kike son sani, ita za ki tambaya, ba ni ba."

"Ke fa?" in ji Eulogia can. "Yanzu ga ki ke kaɗai."

"Kamar kowace mace da nata ya riga ta. Shekara arba'in da ɗaya na samu. Mun yi faɗa a kan gishiri, a kan siyasa, a kan wa ya bar taga a buɗe. Duk Janairu mu tafi bakin teku, ita ta shiga ruwa ni in riƙe mata tawul ina mita. Da ciwonta ya yi tsanani ni na yi jinyarta, a gadonmu ta cika, kanta a kafaɗata. Ranar jana'izarta sai da mutane suka tsaya a waje don wuri ya cika." Ta dubi hoton da ke kusa da firiji. "In 'yarki ta samu rabin abin da na samu, ba ta yi asara ba."

Ailén ta dawo da leda, tana leƙen fuskokinsu. Babu wadda ta yi mata bayani. Eulogia ta miƙe ta karɓi naman, ta shinshina, ta ce an cuce ta, kitse ne rabi. Ta nemi wuƙa da albasa. Nélida ta bar mata murhun, don ta ga matar na bukatar abin da za ta yi da hannunta.

Ana cikin haka Ovidio ya iso, ba wanda ya gayyace shi, ya ce wai wucewa yake yi. Ya sumbaci Eulogia a kumatu kafin ta ankara, ya ja baya ya dubi kanta.

"Uwargida, wa ya yi miki wannan aika-aikar? Ki faɗa mini sunansa in kai ƙara."

"Ni na yanke da kaina."

"To na janye ƙarar, amma zauna."

Ta ce ba ta so, ta ce miya za ta ƙone, amma ƙarshenta sai ga ta a kujera da tawul a wuya, yana aiki da almakashin ɗinkin Nélida yana ba ta labarin wata mata da ta zo gyaran gashi ranar jana'izar mijinta ta ce a yi mata na amare. Eulogia ta danne dariya har ta kasa, ta rufe baki da hannu tana cewa Allah ya shirye shi. Ailén na tsaye a jikin firiji tana kallon uwarta kamar ba ta taɓa ganin ta ba.

Bayan cin abinci uwa da 'ya suka shiga ɗakin baya suka rufe ƙofa. Fiye da awa ɗaya suna ciki. Nélida na wanke kwanoni Ovidio na gogewa, suna jin murya na tashi tana sauka, wani lokaci kuka, ba su san na wa ba. Ovidio ya kara kunne a bango, ta make shi da tsumma.

Ƙarfe biyar da rabi suna Retiro su uku. Eulogia ta ƙi yarda ta ga Brisa. Ta ce ba yau ba, kada a haɗa mata komai a rana ɗaya. Amma ta je taga ta mayar da tikiti ɗaya. A bakin motar ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Babanki ki bar mini shi, kada ki kira shi tukuna. Kirsimeti ki zo gida. Ke kaɗai." Ta ga yadda fuskar yarinyar ta canza. "Na ce bana. Ban ce har abada ba. Ki bar ni in numfasa."

Sannan ta juyo ga Nélida. Ba ta rungume ta ba, ta dai kama hannunta ta riƙe.

"Ban ce na yarda da komai ba, Doña."

"Ban tambaye ki ba."

"Ki riƙa duba mini ita. Ba ta cin abinci in ba a tsare ta ba."

Motar ta ja baya ta fita. Ailén ta tsaya tana ɗaga hannu har ta ɓace, sannan ta zauna a kan benci ta yi kuka mai isarta. Nélida ta zauna kusa da ita, ƙafafunta na zogi, rabon da ta yi tsayuwa irin ta yau har ta manta.

Daga nan Ailén ta riƙa zuwa cin abincin rana duk Lahadi, daga baya ta fara zuwa da Brisa, wata doguwa mai surutu da ke cinye burodi kafin a sauke miya. 'Yan cibiya suka ji labari, suka fara kawo mata iyayensu. Kafin shekara ta ƙare Nélida ta sha mate da iyaye mata uku da uba ɗaya. Biyu sun tafi da sauƙin zuciya, ɗaya ta ce za ta yi tunani, uban kuwa ya tashi tsakiyar magana ya bugo ƙofa, yaronsa ya kwana biyu a ɗakin baya kafin a sama masa wuri. Nélida ba ta taɓa jin ta ƙware ba. Kullum in baƙi sun tafi takan zauna tana lissafa abin da ya kamata ta faɗa ba ta faɗa ba.

Ailén ta tafi gida Kirsimeti, ta dawo a farkon Janairu, rana ta ƙona ta, da kwalbar zuma daga Eulogia. Tun a matakala Nélida ta tare ta.

"To? Babanki fa?"

"Kwana biyu bai kalle ni ba. Ko a tebur sai ya ce wa Mama, ki ce mata ta miƙo gishiri. Rana ta uku injin jan ruwan rijiya ya tsaya, ya yi ta fama da shi tun safe. Can ya zo ya tsaya a bayana ya ce, ke mai karatun lantarki, zo ki gani."

"Kin gyara?"

"Minti ashirin. Waya ce ta ƙone. Shi ya riƙe mini akwatin kayan aiki." Ta ajiye jakarta a kujera. "Bai ce komai a kan maganar ba, ni ma ban ce ba. Da zan taho shi ya kai ni tasha, ya ce wai wayoyin rumbu ma sun tsufa, in na zo hutun Ista in duba."

Nélida ta gyaɗa kai, ta juya ga murhu don kada yarinyar ta ga idonta.

"Wanke hannu ki zo ki yanka albasa. Brisa na hanya, kuma wannan tsohon ya ce zai zo, ko da yake ban gayyace shi ba."